Tambayoyin Masu Karatu: Waliyyi Joj da Labarin Dodo

Tambaya: Malam, a hotuna ana nuna Waliyyi Joj bisa doki yana soke dodo da mashi. Da gaske hakan ta faru? Kuma wai Roma ta cire shi daga cikin waliyyai?

Amsa: 'Yar'uwa, abin da ya tsufa a sha'anin Joj kabarinsa ne, dodon baƙo ne da ya zo daga baya. Al'ada ta ce soja ne da aka kashe saboda bangaskiyarsa wajen shekarar 303, a zamanin tsanantawar Sarkin Rum Diyokiletiyan. Wajen 530 masu ziyara sun riga sun san kabarinsa a Lidda, wato Lod ta yau a Isra'ila, kuma tun 515 akwai coci mai sunansa a Izra ta Siriya.

Labarin shahadarsa na farko ma sai da aka cika masa gishiri: wai shekara bakwai ana gana masa azaba, ya mutu sau uku yana tashi. Shi ya sa wata tsohuwar takarda ta ƙarni na 6 da ake danganta wa Ikkilisiyar Roma ta sa labarin cikin littattafan da ba a amince da su ba.

Dodon bai bayyana a rubuce ba sai ƙarni na 11 a ƙasar Jojiya, sannan ya bazu a Turai ta littafin tarihin waliyyai na Yakubu na Borajin, wajen 1260. A can aka ce dodon ya tare a wani tafki kusa da garin Silene a Libiya. Kullum ana ba shi tumaki biyu. Da tumaki suka yi ƙaranci aka koma jefa ƙuri'a a kan 'ya'yan gari, har ta faɗa kan 'yar sarki, sai Joj ya zo ya soke dodon ya cece ta. A ganinmu misali ne na nasarar bangaskiya kan mugunta, kuma haka ya kamata a koyar da shi ga yara.

Batun cirewa kuwa rashin fahimta ne. A gyaran kalandar Ikkilisiyar Roma na 1969 an mai da ranarsa, 23 ga Afrilu, tunawa ta ganin dama. Inda ake yawan kuskure shi ne shekarar da ranar ta faɗo a Lahadi, ko Mako Mai Tsarki, ko kwana takwas na Ista: a nan tunawar takan faɗi gaba ɗaya. Amma cocin da ke ɗauke da sunansa, babban biki ne a gare ta, sai a ɗage shi zuwa ranar farko da ba ta da cikas. Masu bin tsohuwar kalandar Juliyan suna yinsa 6 ga Mayu. Habashawa kuwa ranar 23 ga kowane wata nasu suke tunawa da shi, kuma da alamar cocinsa suka fita yaƙin Adwa da Italiya a 1896.