Amsa: 'Ya'yan Latino marasa takardu da makarantun Amurka

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ana karɓar 'ya'yan 'yan Meziko marasa takardun zama a makarantun gwamnatin Amurka. Ana karɓarsu, kyauta ma kuwa, daga firamare har sakandare. A 1975 jihar Texas ta yi dokar hana makarantu kuɗin da jihar ke bayarwa don karatunsu, har wata gunduma ta ɗora wa kowane yaro dala 1,000 a shekara. Ina lebura mai tsinkar auduga zai samo wannan? A 1982 Kotun Ƙoli ta rushe dokar, alƙalai 5 suka rinjayi 4, bisa hujjar cewa ba yaro ne ya zaɓi tsallake iyaka ba. Jami'a kam hukuncin bai kai can ba; ɗalibai marasa takardu ba sa samun tallafin karatu na gwamnatin tarayya.