Inda za ka kai amarya cin abinci a Garwa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce aiki ya kawo ka Garwa ta ƙasar Kamaru daga Kano, amarya ta tare wata uku ke nan, kana neman inda za ka kai ta ku ci wani abu da ba tuwo ba, kuma kana gudun kada a ɗora muku abin da bai halatta ba. Allah Ya ba da zaman lafiya, Ya kawo ƙazantar ɗaki. Ni shekarata ashirin da 'yan kai a garin nan ina sayar da kayan gyaran mota, kuma uwargida takan ce rabin ribar shagon a tukunyar wasu matan take ƙarewa. Ba ta yi ƙarya ba.

Sunayen wurare ba za su amfane ka sosai ba, shi ya sa ba zan jera maka su ba. A nan mai girki ita ce wurin. Sau nawa na koma inda na ci abinci mai daɗi bara, allon yana nan, kujerun suna nan, amma matar da ke riƙe da ludayin ta koma Ngaundare ko ta buɗe nata a wata unguwa, sai ka ci ka rasa me ya canza. Abin da za ka koya shi ne lokacin kowane abinci da kuma hannun da ya iya shi.

Fara da kifi. Ku a Najeriya ba ku jin sunan Lagdo sai in an ce za a saki ruwa, kowa ya hau fargabar ambaliya. Mu a nan Lagdo kifi ne. Tun da aka gama madatsar a 1982 tafkin yake ciyar da garin nan, ga kuma Binuwai a bakin ƙofa. Bayan sallar magariba ka ɗauki ɗan kilando, wato ɗan acaɓanmu, ka ce ya zaga da kai wajen unguwar Yelwa ko Rumde Ajiya, hancinka zai nuna maka sauran hanyar. Za ka tarar da mata a gaban gawayi, kifi jere a faranti an tsattsaga jikinsa. Kada ka zauna ka ce a kawo. Je ka tsaya a kan farantin da kanka, ka ɗaga kunnen kifin: in ja ne jawur, idon kuma bai dushe ba, na yau ne. Ka danna da yatsa, in naman ya dawo to madalla, in ya bar rami ka yi gaba. Karfasa ta fi araha kuma ta fi shan yaji, amma ranar farko da amarya ka daure ka sayi giwan ruwa, wanda suke kira kapiten, don ƙayarsa kaɗan ce, ba za ta zauna tana tsince-tsince a gabanka cikin kunya ba. A yi ciniki kafin ya hau wuta. Bayan ya gasu ba ka da bakin magana.

Daɗin kifin nan a haɗin da ake shafa masa yake. Matan kudu suna niƙa tafarnuwa da citta da albasa da wani ɗan ƙwallo mai maiƙo da suke kira njansan, da farin masoro, wanda in an yi sa'a na Penja ne, su kwaɓa da mai, suna juya kifin suna shafawa da ɗan buroshi har fatar ta yi ƙamas-ƙamas. Za a tambaye ka da me za ka ci: soyayyen agade, ko bobolo, wato rogon da aka jiƙa aka niƙa aka naɗe a ganye kamar sanda. Bobolo yana da ɗan tsami da wari wanda baƙo ba ya so a karon farko. Ni sai da na yi shekara ina ture shi, yanzu kuwa in babu shi ji nake kamar ban ci kifin ba. Barkonon da ake zubawa a gefe kuma ka taɓa shi da hankali, ba irin yajin tsiren Kano ba ne da ake dangwala babu tsoro.

Abu ɗaya dai: da yawa daga masu gashin nan a bakin mashaya suke, don masu shan giya su ne manyan masu sayensu. Kifi kifi ne, amma wurin zaman ba na kai iyali ba ne. Ko dai ka nemi wadda ta kafa teburinta nesa da kiɗa, akwai su, ko a naɗe muku ku tafi da shi. Lokacin gasar kofin Afirka a Janairun 2022, da aka ajiye rukunin Najeriya a nan, baƙi bakwai na sauke daga Yola da Kano. Daren da Iheanacho ya ci Masar ɗaya da nema, na aiki yaro ya gaso mana kapiten uku muka baje a tabarma a tsakar gida, wani Alhaji a cikinsu har kan kifin ya tsotse yana cewa a ƙaro. Daren da Tunisiya ta fitar da su kuwa, kifin da na saya sai da safe yara suka cinye.

Da rana kuma duniyar daban ce. Tsakanin sha biyu da ƙarfe biyu ne matan kudu suke sauke tukwane a ƙananan rumfunan da ake kira turnedo, don mai ci yana juya wa titi baya. Kusa da ofisoshi da tashoshin mota za ka fi samunsu. A nan ne za ka ci ndole, kuma in ka bar Kamaru ba ka ci ndole ba ban san me za ka ce ka ci ba. Shuwaka ce fa, irin tamu, amma ana wanke ta ana tafasawa har ɗacin ya rage saura ɗan kaɗan a ƙarshen harshe, a haɗa da niƙaƙƙiyar ɗanyar gyaɗa, da nama ko busasshen kifi, a soya albasa da jatan lande a kwarara a kai. Mutanen Duwala ne masu ita. Mai kyau ba ta ruwa-ruwa, kuma man ba ya kwanciya a kai kamar tafki. In ka je bayan ƙarfe biyu, ƙasan tukunya za a kankaro maka. Akwai kuma eru na mutanen yankin masu Turancin Ingilishi, ganye ne da aka yanka sirara ƙwarai da manja da ganda, ana ci da tuwon rogo mai laushi. Ni ya yi mini manja da yawa, amma ɗana na biyu zai iya sayar da takalminsa a kansa.

A wajen nan ne maganar halal take da muhimmanci, kuma ba abin jin nauyi ba ne. Yawancin naman shanun da ke kasuwar Garwa mahautanmu ne suke yankawa, matan ma a wajensu suke saye. Abin tambaya shi ne ko ana dafa alade ko naman daji a wurin, don ludayi ɗaya yakan zaga tukwane. Ka tambaya kai tsaye, da fara'a. Sun saba, da yawansu ma da sun ga hularka za su riga ka faɗa. In ka ga an yi jim kafin a amsa, ka ce a ba ka na kifi ko ka yi sallama. A manyan otal kuma tambayar daban ce: girkin Faransawa yakan sa giya a romon nama, sai ka ce a yi maka ba tare da ita ba.

Kada ka maimaita kuskurena da pule deje. Kaza ce da ake soyawa a haɗa da agade da karas da koren wake, sunan kuma daga babban darakta ya samo asali, wai abincin manya. Shekarun baya na ɗauki uwargida, na yi mata alkawarin abin mamaki, muka je wani wuri mai fanka da labule bayan la'asar. Muka yi oda. Aka kawo lemo muka shanye. Aka kira magariba na fita na yi na dawo, ba labari. Can sai muka ji kukan kaza a bayan gida, ashe yanzu ake kamo ta. Uwargida ta dube ni ta ce, Malam, da ka faɗa mini ai da na taho da tawa daga gida. Sai bayan isha'i muka ci. Ya yi daɗi, ban hana ba, amma har yau in na yi jinkirin wani abu sai ta ce ko kazar ce ba a kama ba. Irin wannan abinci ana aikawa ne tun da wuri, ka karɓi lambar wurin ka kira awa ɗaya kafin ku fito.

In kana son wurin da hankalinka zai kwanta ɗari bisa ɗari, nemi 'yan Senegal. Musulmi ne, da wuya ka ga kwalba a teburinsu, kuma ba sa rowar shinkafa. Cebujen ɗinsu dafa-duka ce ta kifi, da ɓarzajjiyar shinkafa da ta sha romon tumatir, a ɗora kabeji da rogo da karas da gauta a kai. Ka roƙi a sa maka ɗan ƙanzo, su ma sun san darajarsa. Kano da Legas da Accra suna ta musu a kan wa ya fi iya jalof, alhali mai abin yana gefe yana murmushi, har UNESCO ta sa cebujen cikin kayan gadon duniya a 2021. Yasa kuma kaza ce da albasa mai yawa da lemun tsami. Mata sun fi son ta, ban san dalili ba, amma na gwada a gidana na gani.

Abincin Chadi kuwa a wajen direbobi na koye shi, masu jan manyan motoci daga Duwala zuwa Njamena. Inda suke yada zango za ka sami mai yi musu kisra, wata 'yar siririyar waina mai tsami kamar takarda, da miyar kuɓewa ko marara, wato kayan ciki da aka dafa da yaji, a bi da jan shayi mai zaƙi a ƙaramin kofi. Wannan ba wurin amarya ba ne, na ka ne kai da abokai. Amma in wata rana hanya ta kai ku Kusiri kuka haye gadar Ngeli zuwa Njamena, ka nemi gasasshen naman raƙumi da ɗan kitsen tozo, sannan ka sha lemon mangwaro da madara da suke markaɗawa a gabanka. Ban sha irinsa a ko'ina ba.

Shawarma da kaza da soyayyen dankali irin na Kwarori akwai su a tsakiyar gari, ba su fi na Kano ba, ba su kuma gaza ba. Sai dai daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Garwa yake haura digiri 40, ka yi nesa da mayonis da salak ɗin da ya daɗe a waje. Na taɓa kwana biyu ina safa da marwa tsakanin ɗaki da bayi saboda cokali biyu.

Ka ce ba tuwo ba, na ji. Duk da haka kada ka raina nyiri da hako na Fulanin nan, wato tuwonsu da miyarsu, don yana kama da namu. Miyar folere, yakuwa ce da gyaɗa da nama, tsaminta daidai, da tuwon shinkafa ko na masara mai laushi. Da miyar tasɓa, wato tafasa, wadda mu a gida sai a kwaɗo muka fi saninta. A nan an mayar da su abin fita a ci a waje, kuma a unguwar Fulɓere ko Hausare kowane yaro zai nuna maka gidan da ake layi.

Game da amarya, in irin tarbiyyar gidajenmu ce, wataƙila ranar farko ba za ta iya cin komai a gaban mutane ba, za ta yi ta juya cokali tana cewa ta ƙoshi. Kada ka matsa mata, kuma kada ka ga kamar kuɗinka ya tafi a banza. Ka zaɓi tebur na lungu, ta ba jama'a baya, ka sa a naɗe abin da ya rage. Tawa haka ta yi, muna isa gida ta buɗe ledar ta cinye tas, har tana tambaya me suka sa a barkonon. Ka riƙe canji a aljihu, don takardar jaka goma guda, wato sefa dubu goma, takan gagari mai kifi da daddare, kuma ba kowace ce ke karɓar kuɗi ta waya ba. In ka shirya zuwa wajen kifin, ka leƙo layin masu kayan mota ka tambayi Bakano mai furfura a gemu, zan haɗa ka da yaron da ya san wadda take gashi nesa da kiɗa.