Man habbatus sauda yana fitar da gubar dalma daga jiki?

Tambaya: Likita, gyaran batirin mota nake yi a Ƙofar Ruwa, Kano. An ce in riƙa shan man habbatus sauda da man zaitun, wai suna kare garkuwar jiki daga gubar dalma. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, maganar tana da tushe, amma an ƙara mata gishiri. Dalma takan raunana ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta, kuma gwajin da aka yi a kan ɓeraye ya nuna man habbatus sauda yana rage ɓarnar da take yi. Sai dai ɓera ba mutum ba ne, sannan rage ɓarna daban, fitar da guba daban. Dalma a ƙashi take taruwa, ta yi shekaru a ciki, ba man da zai kankaro ta. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci, ka bar kayan aikinka a shago, don ƙurar da ke jikin riga ita yara za su shaƙa idan sun rungume ka. Ka kuma je asibiti a auna dalmar da ke jininka.

Tambaya: Daga Gwale nake. Surukata tana sa wa jaririna kwalli, ta ce man zaitun da take shafa masa zai kashe dafin.

Amsa: 'Yar'uwa, don Allah a daina tun yau, ki fahimtar da ita cikin ladabi. Kwallin dutse yawanci dalma ce a cikinsa. Jariri ya murza ido, hannu ya koma baki, ta shiga ke nan. Jikin ƙaramin yaro yana tsotsar ninki 4 zuwa 5 na abin da babba zai tsotsa, kuma illar da ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. A Zamfara a 2010 yara kusan 400 dalma ta kashe a ƙauyukan haƙar zinare, maganin asibiti mai ɗaure gubar ya fitar da ita ta fitsari aka bai wa waɗanda suka kamu.

Tambaya: Ganyen da ake bayi da ruwan Jakara, rafin nan na Kano da ke kwasar ƙazantar gari fa, soya shi da manja na wadatarwa?

Amsa: A'a. Wanki yana cire ƙurar saman ganye, amma abin da saiwa ta sha yana nan. A tambayi inda aka noma shi, a kuma yawaita wa yara wake, zogale da nono, domin ƙarancin jini ko na sinadarin ƙarfafa ƙashi yana sa hanji ya ƙara tsotsar dalma.