Matsafi Ya Fi Kowa Ƙarfi a Wasana: Ƙara wa Dodanni Jini Zai Gyara Lamarin?

Tambaya: Ina haɗa wasan yaƙin takobi da tsafi a kan Godot (manhajar haɗa wasannin kwamfuta), irin wanda ake kai hari bi da bi. Duk wanda ya gwada shi matsafi yake ɗauka, domin wutarsa tana cire 40 daga jinin kowane dodo da ke fili, mayaƙi kuwa 60 yake cirewa daga dodo ɗaya tak. Na bi shawarar wani bidiyo na ninka jinin dodannin sau uku, sai abin ya ƙara dagulewa, ga shi na yi alkawarin sakin wasan a wata mai zuwa. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka, wata guda ya isa gyara, amma ka fara mayar da jinin dodannin yadda yake a da.

Idan dodanni biyar ne a fili, matsafinka yana yin ɓarnar 200 a zagaye ɗaya, mayaƙi kuma 60. Ko sau goma ka ninka jinin, wannan tazara tana nan daram. Tsawon faɗan kawai ka ƙara, kuma mayaƙin ne yake ɗanɗana kuɗarsa, domin shi ne a gaba yana shan duka har ya faɗi kafin ya gama da dodo na biyu. Na gaji da jin wannan shawara daga bakin masu bidiyon da ba su taɓa kai wasa ko ɗaya ƙarshe ba, suna koya wa matasa cewa wahala da daɗewa abu ɗaya ne. Har manyan kamfanoni sun faɗa wannan rami. A wasan Skyrim, matakin wahala mafi tsanani mai suna Legendary da kamfanin Bethesda ya ƙara a 2013 yana mayar da ɓarnar ɗan wasa kashi ɗaya cikin huɗu, yana kuma ninka dukan da yake sha sau uku, alhali abokin gaba bai koyi wata sabuwar dabara ba. Mutane da dama sai suka koma laɓewa suna harbi da baka, wato ƙarin wahalar ya rage hanyoyin wasa maimakon ya faɗaɗa su.

Ainihin ciwon wasanka shi ne wutar matsafi ba ta da tsada. Ka sa ta ci rabin ƙarfin tsafinsa, ko ta buƙaci zagaye ɗaya na shiri wanda dukan abokin gaba zai iya katsewa, ta yadda dole mayaƙi ya tsare shi. Sannan ka bambanta dodannin. Idan ana cire kariya kai tsaye daga ƙarfin hari, kamar yadda wasan Fire Emblem ke yi, dodon da ke da kariyar tsafi 30 zai mayar da wutar nan 10 kacal, a nan kuma takobi zai nuna amfaninsa. Taron ƙananan dodanni ka bar wa matsafi, aikinsa ke nan.

Ka buɗe Excel ka rubuta zagaye nawa kowane jarumi yake ɗauka kafin ya gama kowane faɗa, da jinin da ya rage masa. Lamba ɗaya za ka riƙa canzawa, ka gwada, sannan ka taɓa wata. Kamfanin Blizzard ya rage ƙarfin jarumai ta fuskoki da yawa lokaci guda a wasan Diablo IV a Yulin 2023, 'yan wasa suka fusata har kamfanin ya fito ya amsa kuskurensa. Ka fara da tsadar wutar.