Amsa: Filatinam ne ko farin zinare?

Hajiya, kin tambaya yadda za ki tabbatar zoben da aka tallata miki a Kasuwar Gumi filatinam ne, wato farin ƙarfen nan mai tsada. Fara duba cikinsa: Pt950 ko Pt900 tambarin filatinam ne, 750 farin zinare, 925 azurfa. Amma tambari kowa na iya bugawa, nauyi ne ba ya ƙarya.

Auna zoben a sikelin masu zinare. Sannan ki ɗora kofin ruwa a kan sikelin, ki mayar da shi sifili, ki zura zoben da zare ya nutse duka, kada ya taɓa gindi ko gefe, ki duba nauyin da sikelin ya nuna. Raba nauyin farko da na biyu. Filatinam zai ba ki 20 zuwa 21, farin zinare 18 karat wajen 15 zuwa 16, azurfa 10 da ɗoriya. In zoben na da dutse ko cikinsa rami ne, lissafin ya ɓaci.

Maganaɗisu kuwa kada ki dogara da shi, filatinam ɗin da aka haɗa da ƙarfen kobal yana ɗan kamawa.

In za a rage girmansa, tambayi maƙerin tukuna. Sai zafin digiri 1,768 na ma'aunin Celsius filatinam yake narkewa, wutar aikin zinare ba ta isa, shi ya sa wasu ke liƙe shi da farin zinare, daga baya tabon ya fito.