Kafin ka damƙa wa wani amanar dukiyar 'ya'yanka

Wani magidanci ya rubuto yana cewa: "Ina da gidaje biyu da hannun jari a wani kamfani, yarana kuma ƙanana ne. Na rubuta takarda cewa na bar komai a hannun ƙanena, ina da yaƙinin zai kula da su. Wannan ya wadatar, ko sai na nemi lauya?"

Malam, bai wadatar ba, kuma kalmar "yaƙini" ce ta fi damuna a takardarka. Amanar dukiya irin wadda kotu ta sani, wadda ta samo asali daga dokar Ingila ta kuma bazu zuwa ƙasashe da dama, tana da ɓangarori uku: mai kafa amanar, mai riƙe ta wanda dukiyar ke komawa sunansa, da masu cin moriyarta. Tun 1840, a shari'ar Knight da Knight, aka zayyana abubuwa uku da dole su fito fili kafin amana ta tabbata: niyyar ɗora wa mutum nauyi, ainihin dukiyar da ake magana a kai, da mutanen da za su amfana.

Dubi abin da ya faru a 1884 a Ingila, a shari'ar da aka fi sani da sunan Adams. Wani mutum ya bar wa matarsa dukiyarsa duka, ya rubuta cewa yana da cikakken yaƙinin za ta yi abin da ya dace wajen raba ta tsakanin 'ya'yansa. Kotu ta ce wannan fata ne kawai, ba umarni ba, don haka dukiyar ta zama mallakin matar ita kaɗai. Takardarka tana iya faɗawa cikin wannan ramin. Ka rubuta kai tsaye cewa ƙanenka zai riƙe gida kaza da hannun jari adadi kaza a matsayin amana domin wane da wance, ka ambaci sunayensu, ka faɗi shekarun da za a miƙa wa kowa rabonsa da abin da za a iya kashewa kafin nan, kamar kuɗin makaranta da na magani. "Yawancin dukiyata" ba adadi ba ne. Kotun Ingila ta ƙi karɓar irin wannan lafazi tun 1854.

Saura abin da mutane suka fi yin sakaci a kansa. Idan wani ka naɗa ya riƙe amanar tun kana raye, sai ka mayar da dukiyar sunansa a zahiri. A 1862, a shari'ar Milroy da Lord, wani ya sa hannu a takardar amana ta hannun jarin banki domin wata 'yar danginsa, har ya miƙa takardun shaida, amma ba a sauya suna a rajistar bankin ba kafin ya rasu. Kotu ta ce amanar hannun jarin ba ta ƙullu ba. Ga takarda, ga kyakkyawar niyya, amma a banza. Fili da gida kuwa, doka a ƙasashe da yawa tana buƙatar shaidar rubutu mai ɗauke da sa hannu. Idan kuma sai bayan rasuwarka amanar za ta fara aiki, to ta zama wasiyya, dokar gado ta shigo ciki. A shari'ar Musulunci wasiyya ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji. Wannan kaɗai ya isa ya kai ka wurin lauyan da ya san dokar ƙasarka.

Tambaya ta biyu daga wata baiwar Allah ce da yayarta ta rasu ta bar mata riƙon shaguna domin marayunta. Ta ce za a sayar da shago ɗaya, tana so ta saya da kanta, har za ta ƙara a kan farashin kasuwa.

'Yar'uwa, na ga zuciyarki a wanke take, amma ki dakata. Mai riƙon amana ba ya zama mai saye da mai sayarwa a lokaci guda, sai idan takardar amanar ta yarje, ko kotu ta amince, ko masu cin moriyar duka manya ne sun san komai sun yarda. Naki yara ne, yardarsu ba ta ƙirguwa. A 1726, a shari'ar Keech da Sandford, wani ya riƙe wa yaro hayar wata kasuwa. Wa'adi ya cika, mai kasuwar ya ƙi sabunta wa yaron, sai mai riƙon ya karɓa da sunansa. Ba a same shi da zamba ba, duk da haka aka sa ya mayar wa yaron hayar tare da ribar da ya ci. Idan kin sayi shagon ba tare da izini ba, yaran suna da ikon rushe cinikin ranar da suka girma, ko nawa kika biya.

Ki buɗe wa amanar asusun banki nata daban, kada kobonki ya cuɗanya da nasu. Ki ajiye littafi: kwanan wata, wanda ya biya haya, abin da aka kashe a gyaran rufi, rasidi a liƙe a shafin. Wata rana yaro zai zauna gabanki ya buɗe littafin nan, kuma haƙƙinsa ne ya nema.

Na ƙarshe ya tambaya: ɗan'uwa ya fi ko kamfanin riƙon amana? Kamfani yana cajin kuɗi a kai a kai, amma ba ya tsufa, ba ya rasuwa a bar yara a tsakiyar hanya. Ɗan'uwa ya san yaran da halinsu, sai dai yana iya jin nauyin hana su abin da bai kamata ba. Idan dukiyar ba ta da yawa, cajin kamfani zai yi ta cin ta. A nan ni na fi son mutum biyu amintattu masu sa hannu tare, a kuma rubuta tun yau wanda zai gaji kowannensu idan ya rasu ko ya gaza.