An sa 'yata a jerin masu jira a makarantar kwana ta Amurka, me ya rage mu yi?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. 'Yata mai shekara 14 ta nemi shiga aji na 9 a makarantun kwana masu zaman kansu guda huɗu a Amurka, mu kuma ba a can muke zaune ba. Ranar 10 ga Maris sakamako ya fito. Ɗaya ta ɗauke ta har da tallafin kuɗi, ɗaya ta ce a'a, biyu suka sa ta a jerin masu jira, kuma cikin biyun nan akwai wadda ta ƙwallafa rai a kanta tun bara. Wadda ta ɗauke ta ta ba mu zuwa 10 ga Afrilu mu biya kuɗin kama gurbi. Mahaifinta yana ganin mu riƙa buga wa ofishin waya duk mako, mu kuma nemi wani babba ya sa baki. Ni kuwa ina tsoron kada mu ɓata abin. Yarinyar ko abinci ba ta ci sosai. Shin akwai sauran fata, ko jiran gawon shanu muke yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya ta, ya sa albarka a karatunta. Kafin komai, ki taya ta murna yadda ya kamata, domin yarinyar da makaranta ɗaya ta ɗauka har da tallafi, biyu kuma suka ƙi sakin takardunta, ta yi abin a yaba mata. Na ga gidaje da dama inda baƙin cikin jira ya danne farin cikin gurbin da aka samu, har yaro ya tafi makarantarsa yana jin kamar ya faɗi jarrabawa. Ba na so hakan ta faru da ita.

Fata akwai, amma siriri ne, kuma gara in gaya miki haka tun yanzu. A makarantun da aka fi rububi, irin su Phillips Exeter a jihar New Hampshire, Phillips Andover da Groton da Deerfield a Massachusetts, ko Hotchkiss da Choate a Connecticut, akwai shekarar da ake ɗebo 'yan yara kaɗan daga jerin, akwai kuma shekarar da ba a taɓa shi ko sau ɗaya. Abin da ke yanke hukunci lissafi ne wanda ba ya hannunki. Kowace makaranta takan aika wa yara fiye da yawan gadajenta takardar ɗauka, domin ta san wasu za su zaɓi wani wuri. Idan ranar 10 ga Afrilu ta zo masu amsawa suka cika gadajen, ko ma suka wuce, ƙofa ta rufe ke nan. Idan suka gaza, sai a waiwayi jerin.

Yanzu ga abin da iyaye suka fi kuskuren fahimta, kuma shi nake so ki riƙe. Wannan jeri ba layi ba ne irin na banki da za a ce 'yarki ce ta bakwai, in mutum shida suka tafi an zo kanta. Yawancin makarantun ba sa jera sunayen bisa lamba. Abin da ke faruwa shi ne, gurbi guda ya kuɓuta, kuma gurbin yana da siffa: na mace ne ko na namiji, na aji 9 ne ko na 10, na mai kwana ne ko na mai jeka-ka-dawo, na mai biyan cikakken kuɗi ne ko na mai tallafi. Wani lokaci ma yarinyar da ta fasa zuwa ita aka sa rai za ta tsare gida a ƙungiyar ƙwallo, ko ta riƙe wani kayan kiɗa da babu mai iya shi. Jami'an sai su koma cikin jerin su nemi wadda za ta cike wannan giɓin. Shi ya sa za ki ji an kira yaron da makinsa na SSAT, wato jarrabawar neman shiga irin waɗannan makarantu, bai kai na 'yarki ba, ita ba a kira ta ba, kuma ba zalunci aka yi ba, gadon namiji ne ya kuɓuta. A makaranta ƙarama irin Groton, wadda duka ɗalibanta ba su kai ɗari huɗu ba, giɓin da zai iya samuwa a aji ɗaya, a ɓangaren mata, ɗan ƙanƙani ne ƙwarai.

Da zarar kin gane haka, za ki ga dalilin da ya sa shawarar maigida, duk da kyakkyawar niyyarsa, ba za ta kai ku ko'ina ba. Kiran waya duk mako ba ya kuɓutar da gado. Abin da yake yi shi ne ya sa jami'in da ke riƙe da takardun yarinyar ya fara tunanin irin wahalar da zai sha da iyayenta shekara huɗu. Batun babban mutum kuwa, wasiƙar wanda bai san yarinyar ba, komai girman kujerarsa, ba ta da nauyin layi uku daga malamar lissafin da ta koyar da ita shekara biyu. In akwai mai sa baki da nake goyon baya, shugaban makarantarta ta yanzu ne ko mai ba ɗalibai shawara a can, ya rubuta ko ya kira sau ɗaya, ya ce ya san ta, ya san gidanta, kuma in an ba ta gurbi za ta zo.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce jarin da kuke da shi. Ki sa kanki a kujerar jami'in ɗaukar ɗalibai a tsakiyar Afrilu: gado ɗaya ne a hannunsa, lokaci yana ƙurewa, ba ya son ya kira gida uku a ce masa za a yi shawara. Yana son gidan da zai amsa nan take. Saboda haka abu na farko, ku duba shafin da sakamakon ya fito, domin yawanci akwai wurin da ake tabbatar da cewa ana son ci gaba da zama a jerin. Wanda bai amsa ba ana ɗauka ya haƙura. Ku amsa cikin kwana biyu ko uku. Ku kuma karanta takardar da kyau: in makarantar ta ce kada a ƙaro mata komai, to kada ku ƙara, bin wannan umarnin ma wani gwaji ne.

In ba ta hana ba, sai wasiƙa, kuma yarinyar ce za ta rubuta da hannunta da bakinta. Mutanen nan sun karanta rubutun 'yan shekara 14 dubbai, suna gane hannun uba tun daga layin farko. Ta aika wa wanda ya yi mata ganawa, ko jami'in da ke kula da yankinku, kada ta wuce shafi ɗaya. Ta gode, ta faɗi ƙarara cewa wannan makarantar ce zaɓinta na farko kuma in an ɗauke ta za ta zo. Sannan ta kawo abin da ya faru tun bayan rufe karɓar takardu a watan Janairu ko farkon Fabrairu: sakamakon zangon da ya ƙare in ya yi kyau, gasar da ta ci, wani nauyi da aka ɗora mata a makaranta, wani aiki da ta fara ta kammala. Daga nan ta ambaci abu guda na makarantar da ya kama zuciyarta da gaske. In Exeter ce, misali, kowa yana rubuta cewa yana son teburin Harkness, wannan tebur mai siffar ƙwai da ɗalibai kamar goma sha biyu ke kewayewa da malaminsu suna tattauna darasi, tsarin da ya samo asali daga kyautar Edward Harkness a 1930. Faɗin sunansa kawai bai isa ba. Amma in ta ce ita ce mai yawan tambaya a ajinsu har malami ya ce ta bari sai an tashi, kuma tana marmarin ajin da tambaya ce darasin, to mai karatu ya ga mutum a gabansa.

Ina roƙonki abu ɗaya a nan: alkawarin "in an ɗauke ni zan zo" makaranta ɗaya ake yi wa. Kuna jira a wuri biyu, to ɗayar a gaya mata ana sha'awarta ƙwarai, a tsaya nan. Jami'an makarantun nan sun san juna, suna haɗuwa a taruka da tafiye-tafiyen neman ɗalibai. Ko da ma ba za su taɓa sani ba, ba na son yarinya ta fara wannan babi na rayuwarta da maganar da ba haka take a ranta ba.

Bayan wasiƙar farko, gajeren saƙo ɗaya ya isa, daf da 10 ga Afrilu ko kwana kaɗan bayanta, a ce har yanzu tana nan. In wani sabon abu mai ma'ana ya faru a watan Mayu, a sanar. Iyakarsa ke nan. Babu kyauta, babu dirar mikiya a ofis ba tare da izini ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ba a son taɓawa amma ita ce rabin labarin. Kuɗin shekara ga ɗalibin kwana a irin waɗannan makarantu ya haura dala dubu 60, wasu ma sun wuce dubu 70. Andover da Exeter sun bayyana cewa ba sa duba aljihun iyaye wajen ɗaukar ɗalibi, amma mafi yawan makarantu suna dubawa, kuma kasafin tallafinsu yakan tafi ne tun a rabon Maris. Mai neman tallafi a jerin jira yana jiran abu biyu ne, gado da kuɗi, sai wani mai tallafi ya fasa zuwa kafin kuɗinsa ya dawo a sake rabawa. Wasu iyayen da suka ji haka sukan rubuta su ce sun janye neman tallafin. Kada ki yi haka sai in kun zauna da maigida kun lissafa shekara huɗu cif, da kuɗin jirgi, da inshorar lafiya, da inda za ta zauna lokacin hutun da ake rufe ɗakunan kwana, kun ga za ku iya ba tare da kun sayar da abin da kuke taƙama da shi ba. Makarantu da yawa ba sa ba wanda ya shiga a matsayin mai cikakken biya tallafi daga baya, sai in wani babban sauyi ya samu gidan. Cire yarinya a aji 10 saboda kuɗi ya ƙare ya fi rashin shigarta ciwo.

Game da 10 ga Afrilu kuwa, ba ni da kokwanto ko kaɗan: ku biya kuɗin kama gurbi a makarantar da ta ɗauke ta. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Jerin jira ba ya motsi sosai sai bayan wannan rana, domin sai an ƙirga waɗanda suka amsa ake sanin giɓi, saboda haka wanda ya ce zai jira ya ga yadda za ta kaya kafin ya biya, yana iya tashi ba tsuntsu ba tarko. Makarantu sun san ana yin haka, ba cin amana ba ne. Abin da za ki rasa in kira ya zo daga baya shi ne kuɗin da kuka ajiye, don ba a mayarwa. Amma ki karanta takardar yarjejeniyar layi-layi kafin sa hannu. A cikinta akwai ranar da in ta wuce, kuɗin shekarar gaba ɗaya ya hau kanku ko yarinyar ta je ko ba ta je ba. A wasu makarantu farkon Yuni ne, a wasu kafin haka ko bayan haka. Ki rubuta wannan rana a inda za ki riƙa ganinta, domin ita ce iyakar jiranku ta gaskiya.

Tunda daga waje za ta tafi, akwai ƙarin igiya. Makarantar da za ta shiga ce ke ba da takardar I-20, da ita ake neman bizar ɗalibi ta F-1, kuma samun ranar ganawa a ofishin jakadanci yana cin lokaci. Gurbin da ya zo a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu ana iya kama shi. Wanda ya zo a watan Agusta, ana saura mako biyu ko uku a buɗe makaranta, yakan yi wa na nesa wuyar kamawa. Ki tabbata fasfonta yana da sauran wa'adi mai tsawo, takardun banki kuma suna kusa.

Kiran, in zai zo, ba ya sallama. Na taɓa aiki da wani gida da aka yi wa waya da yamma agogon gabashin Amurka, su kuma dare ya raba a wurinsu, wayar uban tana kashe, saƙon imel ɗin ya faɗa akwatin tarkace. Sai da aka kwana biyu uwar ta gani, hannunta na rawa ta kira, aka yi sa'a saura 'yan sa'o'i wa'adin ya cika. Irin wannan tayi kwana ɗaya ko biyu ake bayarwa a amsa, wani lokaci uku. Don haka ku yanke shawara tun yau, ku uku, cewa in an kira za ku karɓa ko ba za ku karɓa ba, da kuma mafi ƙarancin tallafin da zai sa ku iya. Ki ba su lambar da ba a kashewa, ki riƙa leƙa akwatin tarkacen kullum.

Ita kuma yarinyar, ki janye ta daga gadin waya. In makarantar da ta ɗauke ta tana da ranar ziyarar sababbin ɗalibai, wadda ake yi a ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, ku je in da hali, in babu ku nemi a haɗa ta da wata ɗaliba ta bidiyo. Ta duba darussan da za ta zaɓa, ta san sunan ɗakin kwanan 'yan ajinta, ta tambayi yadda ake yi da mai azumi ko mai cin halal a ɗakin cin abinci. Wannan makaranta ta karanta takardunta ta ce ita take so, har ta sa kuɗinta a kai. Idan shekara ta zagayo zuciyarta tana nan kan waccan, ana sake nema zuwa aji na 10, kuma makarantu da yawa suna ɗaukar sababbin ɗalibai a wannan aji, sai dai ba su kai na aji 9 yawa ba. Ku bar wannan maganar sai watan Nuwamba, bayan ta yi wata biyu a inda take, sannan ki tambaye ta.

Allah ya zaɓa mata mafi alheri, ki gaishe da maigida.